Akaifun Zomon Madam

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a Talata Mafara, ko da kuwa zan manta sunayen jikokina (dama ina gauraya su). Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, gari ya cika da baƙi da manyan motoci, ni kuma shekarata biyu da aure, ban iya komai ba sai dakan fura da surutu.

Maigidana kuku ne a gidan wani Bature injiniya, can barikin da aka gina wa Turawan dam. Da can manomi ne ɗan manomi, amma gonarsu ta gado ta wajen Maradun tana cikin waɗanda ruwa ya hau kansu, sai muka dawo Mafara muka kama ɗaki biyu a gidan wata tsohuwar ungozoma, Inna Yalwa. Girkin Turawan ma da ƙyar ya koya, bayan ya ƙona tukwanen mutane ba adadi. To wannan aiki shi ne cinmu, shi ne shanmu, da shi ake aika wa tsohuwarsa hatsi a Maradun. Kuma a unguwarmu ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, masu jiran ya yi tuntuɓe su ɗauki hular kukun.

Matar Baturen, wadda kowa ke kira Madam, ba ta da ɗa, amma tana da zomo. Fari fat, ƙato, ido ja, kunnuwa sun zubo kamar na balami. Mu dai abin da muka sani game da zomo shi ne a kamo shi a daji, a babbake, a barbaɗa yaji. Wannan kuwa bisa kujera yake kwana, karas ake yanka masa a faranti, kuma yana da suna, wani abu kamar Biyanko. Ni Ɗan Madam nake ce masa.

Da Madam ta tashi tafiya hutu ƙasarsu na mako shida, ta rasa wanda za ta bar wa shi. Sai maigidana, don neman a yaba masa, ya ce ai matarsa gwanar kiwo ce, dabbobi har bin ta suke yi a hanya. (Kaza ɗaya na taɓa kiwo a rayuwata, ita ma shaho ya ɗauke ta ina kallo.) Madam ta ji daɗi, ta haɗo shi da keji, da buhun abinci, da wani ɗan ƙarfe mai kama da almakashi amma bakinsa a lanƙwashe. Ta ce lallai a yanke masa akaifu kafin ta dawo, don idan suka yi tsawo yatsunsa karkacewa suke yi har ya gurgunce. Sau uku ta maimaita. Sau uku ya ce, “Yas Madam.”

Ranar da aka kawo shi ban yi barcin rana ba. Ina tsoron muzuru, ina tsoron shaho, ina tsoron maƙwabta masu kallonsa suna haɗiyar yawu. Sai na yanke shawarar ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba. Na share masa gadona na aure, mai katifa da zanin gado mai fure, mu muka koma tabarma. Mako shida yana bisa katifa yana ci yana ƙiba. Ban sani ba ashe zomon da ke tona ƙasa, ƙasar ce ke cinye masa akaifu. Nawa zomon kuwa, da ba abin da yake takawa sai auduga, sai akaifun suka riƙa tsiro suna lanƙwasa kamar lauje.

Ɗan ƙarfen nan kuma, to, a nan ne zan fara faɗin laifina. Ƙanwar maigidana ta zo, ta gan shi, ta gwada a yatsanta, ta ce tun da take ba ta ga abin da ya fi reza ba sai yau. Za ta biki Bakura, ta roƙe ni aro na kwana biyu. Na ba ta. Daga baya na ji labarin ya zagaye matan biki kaf, har uwar ango, daga nan kuma ba wanda ya san hannun da ya tsaya. Ban gaya wa maigida ba. Kullum ya tambaya ko an yi yankan, sai in ce gobe in Allah ya kai mu.

Goben ta ƙare ranar Alhamis ɗin nan. Da sassafe ya sa fararen kayansa, ya ce yau Madam ke isowa daga Sakkwato, shi zai je ya gyara gida, da la'asar sakaliya ya zo ya ɗauki zomo. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Kin ga aikin ga shi kaɗai muka da. Don Allah akaihun nan.” Na ce ya tafi abinsa, abin da bai fi ƙiftawar ido ba.

Na sayi sabuwar reza wajen mai talla. Na ɗauko Ɗan Madam, na zauna bakin gado, na matse shi tsakanin cinyoyina yadda ake yi wa kazar da za a fige. Na kama ƙafar gaba. Ya dube ni da jan idon nan, na dube shi. Ban ma kai rezar ba, sai na ji abu ya doke ni a ciki kamar taɓarya. Ashe duk ƙarfin zomo a ƙafafun baya yake. Ya karce ni daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ya yi sama, ya dira kan jerena. Kwalla, tasoshi, kumbuna, duk abin da uwata ta shekara tana tara mini, suka zubo lokaci ɗaya. Wani murfi ya gangara har tsakar gida yana ta juyi shi kaɗai. Zomon kuma ya shige ƙarƙashin gado ya zauna yana motsa hanci, kamar ba shi ba.

Ƙarar ce ta kawo Inna Yalwa. Ta tarar da ni rabina a ƙarƙashin gado, rabina a waje, ina kiran zomo da “ranka ya daɗe”. Ta tsaya sai da muka gaisa tsaf, ina kwana, ina gajiya, ya kwanan maigida, duk ina kwance rub da ciki, sannan ta tambayi mi ya faru. Na fito na zayyana mata komai, har da batun Bakura.

Ta ce wannan aikin masu aska ne. Ta yafa gyale ta tafi da kanta wajen Sarkin Askan unguwarmu. Ba ta jima ba ta dawo tana dariya har tana riƙe ƙugu. Wai ya ce shekara arba'in yana aski, yana ƙaho, yana cire beli, ya aske kawunan hakimai, ba a taɓa raina masa sana'a irin yau ba. Amma wai idan yanka ake so da fiɗa, a aiko, yana nan tafe da wuƙarsa, kuma ba ya son lada sai cinya ɗaya.

Ni ban yi dariya ba. Rana ta fara ɗagawa, ina ganin hular kukun nan a kan wani. Inna ta leƙa ƙarƙashin gado, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe ta ce:

“Ke ɗiyata, wanga abu ba dabba na ba, ɗan gata na. Wanda anka saba ma katihwa ba a yi mai ƙarhi. Goya shi.”

Na ce in goya me? Ta ce yaran da ta karɓa da hannunta sun fi gashin kaina, kuma ba ta taɓa ganin mai taurin kan da baya bai kwantar ba. Muka yaudaro shi da ganyen latas, ta cafke shi ta bayan wuya, na duƙa, ta ɗora mini shi, na ja zani na ɗaure, ta ƙara mini majanyi. Kansa kaɗai ya fito, kunnuwan nan suna shafar kafaɗuna.

Da farko ya yi ta harbi. Inna ta ce in zagaya tsakar gida ina jijjigawa. Na zagaya. Ta ce in yi daka, don ba abin da ke sa jariri barci irin ƙarar turmi. Na zuba gero na kama daka, da zomo a baya, ina yi masa 'yar waƙar lallashi. Kuma wallahi sai ya yi laƙwas. Ina jin ɗuminsa, ina jin zuciyarsa tana bugawa da sauri-sauri a gadon bayana. (Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin. Lokacin ban haihu ba tukuna.) Can sai na ji wani ɗumin na daban yana gangarowa. Inna ta ce in bar shi, fitsarin goyo albarka ne.

Muka sauke shi a hankali, muka naɗe shi tamau cikin zani kamar sabuwar haihuwa, muka zaro ƙafa ɗaya kawai. Na miƙa hannu zan ɗauki reza, Inna ta buge mini hannu. Ta ce a ina na taɓa ganin an kai ƙarfe jikin akaifar jariri? Uwa da haƙori take cirewa, don haƙori ya san inda zai tsaya, reza ba ta sani ba.

Na ce, “Inna, zomo ne fa.”

Ta ce, “To, kare na? Halas na. In da soyayye anka ba ki, har ƙashi kike taunewa.”

Ta ɗaga ƙafar ta saita ta da rana, ta nuna mini wani ɗan jan zare a cikin akaifar, ta ce nan ne rai yake, in tsaya kafin nan. Na yi bisimilla, na rufe ido, na sa baki. Idan kuna son sanin yadda abin yake, kamar tauna ƙayar busasshen kifi ne, sai dai wannan kifin yana kallonki. Ƙas! ta fita. Zomo ko gezau. Na tofar a tafin Inna, don ta ce sai an tara an binne kamar na mutane. Na kama ta biyu.

Sha takwas ne, ga mai son sani. Biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya. Kafin in gama ƙafa ta biyu har na fara gwaninta, ina karkata kai ina daidaita baki kamar tela. Gashi ya cika mini leɓe. Matan gida da na maƙwabta, waɗanda suka taru suna kwaɓa lalle saboda bikin da za a yi washegari, suka baro lallensu suka kewaye mu. Ina kan ta sha bakwai wata ta ce Allah ya raya mana, yaushe suna? Dariya ta kufce mini da akaifa a baki, haƙori ya zarce. Zomo ya zabura, sai ga ɗigon jini a farin gashi.

Ɗigo ɗaya ne tak, amma ni na ga kamar an yanka rago. Na fara salati. Inna ko a jikinta, ta ce a miƙo lalle. Ta dangwala masa a ƙafar, ta naɗe da ganye, ta ɗaure da tsumma, ta ce duk wani yanka da kaushi da shi ake kashe su tun kakanni. Jini ya tsaya kuwa. Na mayar da shi baya, na ci gaba da zagaye.

Bayan azahar muka kwance. Lallen Mafara ba ya wasa, balle a kan fari. Ƙafar ta yi jawur har idon sawu. Na wanke da ruwa, na wanke da sabulu, na goga da toka, kamar ƙara mata kyau nake yi.

A nan ina so in ce Inna ce ta kawo shawara ta gaba, amma tana kabari yanzu, ba zan yi mata ƙarya ba. Ni ce. Na zauna na yi tunani irin nawa, na ce ƙafa ɗaya ja a jikin farin zomo kowa ya gani zai ce rauni ne. Amma idan huɗun duka suka yi ja, ai ado ne. Matan nan suka ce rabonsu da jin magana mai hankali irin wannan an daɗe. Kafin in sake tunani an ƙunsa sauran ukun, har ana gardama a kan ko a yi masa zane ko a bar shi dungulmi. Wata ta ɗauko kwalli, nan dai na hana. (Ina da iyaka, ko ba ku yarda ba.)

Da la'asar aka kwance ƙunshi. Jama'a, zomon nan ya yi kyau. Fari tas, ƙafafu huɗu jajaye, kamar wanda za a kai ɗakin miji. Duk da namiji ne, nan take aka sa masa amarya. Wata ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara kiɗa, wata ta rangaɗa guɗa, Inna da tsufanta ta taka rawa. Ni ma na manta da Madam, na manta da duniya. Ina cikin juya shi ana yabawa sai na hango akaifa ta sha takwas, 'yar ƙaramar nan ta gefen ƙafar gaba, wadda tashin hankalin jini ya sa na tsallake. Na ce bari in ƙarasa aikina. Na zauna bisa kifaffen turmi, na naɗe shi a zanina na aure, na kai jar ƙafar nan bakina.

Ashe Madam ba ta yarda ta jira a bariki ba. Daga hanya ta ce a biya a ɗauki kuku, a kai ta wajen ɗanta. Maigidana ya rantse ya yi sallama sau uku a zaure, kiɗan ƙwarya ya hana mu ji. Ni dai na ga kiɗa ya mutu, mata suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Na ɗago ido ban saki ƙafar ba.

Ga Madam tsaye da jaka a hannu. Ga maigidana a bayanta da farar hula. Ga ni bisa turmi, hannu duk karce, leɓe duk farin gashi, ƙafar zomonta jawur tana cikin bakina, mata ashirin sun kewaye ni da kiɗa. Ku kanku me za ku ce ana yi?

Ta yi wani ɗan sauti kamar an taka 'yar kyanwa, jakar ta faɗi. Ni kuma a firgice haƙorina ya haɗu, ƙas, akaifar ta fita. Yanzu ga ta a bakina, ga baƙuwa a gabana, kuma ba a tofar da yawu gaban baƙo. Sai na haɗiye. Na zame daga turmi na durƙusa da zomo a hannu, na ce mata sannu da zuwa, ina gajiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ban fasa ba har sai da na tambayi lafiyar iyayenta.

Inna ta matso ta dubi maigidana ta ce, “Kai, gaya mata ba jini na ba, ado na.”

Turancinsa duk ya gudu. Mutumin da ke zuwa gida yana yi mana burga da sunayen miya iri-iri, ranar ba abin da ya fito daga bakinsa sai “Sori Madam”, yana faɗa yana cire hula yana mayarwa.

Madam ta karɓi zomon daga hannuna. Ta warware zanin. Ta duba cikinsa, ta duba kunnuwa. Ta ciro hankici ta goga ƙafar, ta duba hankicin, ba komai. Ta shinshina. Sannan ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, bakinta na motsi. Ta dube ni, ta dubi haƙorana (na rufe baki), ta juya ta fita. Maigidana ya ɗauki jaka da keji ya bi ta, ko waiwayowa bai yi ba.

Kwana uku gidanmu ba a magana. Ya tafi da safe, ya dawo, ya ci tuwo, ya juya wa bango fuska. Na tambaye shi me Madam ta ce, ya ce ba ta ce komai ba, kuma wannan shi ya fi ba shi tsoro. Har na ji wani maƙwabcinmu ya kai rigarsa wajen mai guga, wai zai je bariki gaisuwa. Ni kuwa ko rijiyar tsakar gida na je sai in ji wata ta yi “ƙas” da baki a bayana. Na fara lissafin yadda zan fuskanci tsohuwarsa in gaya mata ɗanta ya rasa aiki saboda na ci ƙafar zomo.

Ranar Lahadi ya dawo da wuri. Ya zauna bakin gado (mun koma gadonmu), ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce ta hana shi magana. Da ƙyar ya ba ni labari. Wai Madam ta kira shi ta tambaye shi, da gaske da haƙori matarsa ta yi? Ya ce da gaske. Duka sha takwas? Ya ce duka. Sai ta naɗe hannun rigarta ta nuna masa tabo a jere har gwiwar hannu. Shekara huɗu tana fama da zomon nan da ƙarfenta, ita da mijinta su biyu, ba su taɓa wuce ƙafa biyu a rana ɗaya ba. Ta ce aikinsa yana nan. Amma daga yanzu duk ƙarshen wata direba zai kawo zomo wajen matarsa. Sharaɗi ɗaya, ban da jan abin nan.

Na ce to a roƙe ta ta aiko da sabon ƙarfe. Ya ce ya gwada, ta ce a'a, yadda na yi ɗin nan take so, shi zomon ya yarda da shi.

Haka aka yi. Har Turawan nan suka tashi, duk ƙarshen wata Landiroba na tsayawa a ƙofar gidan Inna Yalwa, direba ya danna odar mota sau biyu, unguwa kaf ta san an kawo mini aiki. In goya, in yi daka, in naɗe, in sa baki. Har da cikin fari na yi, da goyon ɗiyata ma na yi, ita a baya shi a cinya. Matar kuku, wadda ya kamata a ce ana jin ƙanshin miyar Turawa a gidanta, sai aka san ni da wannan. Har yau akwai tsofaffi a Mafara da idan na je gaisuwa sai su ɓoye hannuwansu cikin gyale, su ce nasu ba su yi tsawo ba tukuna.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana mata idan za su ɗakin miji. Idan aikin kunya ya kama ki dole, yi shi, amma ki yi shi a gurguje, ki ɓata shi kaɗan. Kada ki kuskura ki gwanance, don duk wata za a kawo miki.